Ranar da Ƙofa Ta Buge Ni

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don kunya.

Shekarar da naira ta fito, goshina ya bugi saman ƙofar zaurenmu a Gyaɗi-Gyaɗi. Ni da duk unguwa ke kira Guntuwa! Inna ta rangaɗa guɗa. "Ban ce miki jiƙon ƙara tsayin nan yana aiki ba? Shekara uku kina sha kina yamutsa fuska!"

Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Tarauni. Matan da ke ɗiban ruwa a famfon ƙofar gidanmu suka daina tsokanata.

Sai ga wani ɗalibin jami'a mai nazarin duwatsu ya zo gaida Baba, bai same shi ba. Shi ma ya ji labarin tsayina. Ya daɗe yana duban bango.

"'Yan mata, nan da can kududdufi ne?"

Kaina a sunkuye na ce, "Cike shi aka yi."

"Kuna zuba yashi a bakin ƙofa?"

"Duk damina, don ruwa yana kwanciya."

"To, gidan ne ke nutsewa, ku kuna ƙara masa ƙasa. Haka yankin Chadi ya yi ta lotsawa, yashi yana cike shi, shekaru miliyoyi. Ke kam kina nan yadda kike. Ki faɗa wa Baba."

Na waiga. Babu wanda ya ji.

Washegari da safe na faɗa wa Baba a kunne. Sannan na jira mata suka taru a famfo, na fito, na buga goshina da gangan, na ce "Wash!" da ƙarfi.