Garin Shayi a Turmin Aro

Ka ce mini ka san kanka, wai zama da mutanen majalisar nan ba zai taɓa halinka ba, tunda gidan mutunci ka fito. To gyara zama ka ji wani misali, in na gama ka auna da kanka.

Wata mata ce matar ɗanta ta samu cikin fari. Murna a wurinta kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Da ciki ya tsufa aka mai da yarinyar gidan iyayenta, don haka can za a yi suna. Surukan nan kuwa masu hannu da shuni ne, ta san ranar suna robobi da turamen atamfa za su raba wa baƙi. Ita abin da ta mallaka bishiyar lemu ce a tsakar gida, sai hannu mai iya haɗa kayan ƙamshi. Ta ƙudura a ranta da su za ta fita kunyar surukai. Garin shayi za ta haɗa, irin wanda cokali ɗaya a ruwan zafi ya isa, ba tafasawa, ba tacewa.

Kai, ka so ka ga matar nan a bakin aiki! Ta fere ɓawon lemun zaƙi da na tsami siri-siri, ta kankare farin nan na ciki mai ɗaci, ta shanya a inuwa don kada rana ta sace ƙamshin. Da ya bushe ƙayau ta kawo citta da kanumfari da girfa da ɗan masoro, ta haɗa da ganyen shayi da sukari, ta dake a ɗan turminta na kayan ƙamshi. Ta tankaɗe, ta sake dakawa, har gari ya yi laushi kamar hoda. Ta kira maƙwabta su ɗanɗana. Tun daga zaure ƙamshi ya tare su. Wata ta shanye kofinta ta miƙo a ƙara, wata ta rantse ko mura ta shekara ta ji wannan sai ta tattara nata ya nata. Matar nan ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi.

Yabo kuwa giya ne. Da farko uwar mai jego da 'yan uwanta kaɗai ta yi niyyar bai wa, amma yanzu ta ce duk macen da ta taka gidan sunan nan sai ta koma da kwalbarta. Ana cikin haka aka aiko an haihu, namiji, ga suna ya ƙarato, ga ɗan turminta ba ya cin fiye da tafi biyu. Sai ta aika aron babban turmin maƙwabciyarta mai sana'ar yajin daddawa. Maƙwabciyar ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, turmin nan fa tun ina amarya yake shan daddawa." Ta ce, "Haba, me ruwa da sabulu suka bari?" Ta dirje shi da toka, ta wanke da sabulu, ta kife a rana. Ta kai hanci ta shinshina ba ta ji komai ba, ta manta hancin nata ya riga ya cika da citta da kanumfari. Ta hau daka har da lugude, tana waƙa tana kirarin jikan da ba ta ma gani ba tukuna. Ɗanɗanawa kuwa ba ta ga dalili ba, tunda awo ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ta cika kwalabe ta toshe, ta ɗaure wuyan kowace da ƙyalle mai kyau.

Ranar suna ta shiga gidan surukai da kwanon kwalabe a kai, ana ta guɗa. Uwar mai jego, don ta girmama ta, ta sa aka kawo ruwan zafi da kofuna nan gaban taro, ta ce kowa ya shaida aikin hannun kakar yaro. Aka zuba gari, aka tsiyaya ruwa. Ƙamshin lemu ya fara tashi, mata suka ɗauki "Masha Allah", ita kuwa baki har kunne. Sai ruwan zafi ya tayar da abin da ke kwance. Warin daddawa ya biyo bayan lemu, ya ture shi, ya cika rumfa. Kowa na riƙe da kofi yana kallon na kusa da shi. Can wata tsohuwa da ba ta iya ɓoye magana ta kurɓa, ta ɗago kai ta ce, "To a kawo tuwon mana, ai ga miya ta iso." Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Matar nan ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da taro ya watse, aka yi ta tsinto kwalabenta a gefen tabarmi da bayan randa, ta kwashe su a kwanon da ta kawo su ta koma gida.

To ka gani. Lemunta na kirki ne, cittarta ta kirki ce, hannunta ma bai yi kuskuren awo ba. Zama kawai garin ya yi a cikin turmin, na ɗan lokaci, ya fito da halin da ba nasa ba, kuma mai shi ce ta ƙarshe da ta sani. Ai Hausawa sun daɗe da faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.