Iyafis ɗin Direban Babbar Mota

Nazifi, jiya ka yi ta yi mini dariya don na ce kada ka baro rumfar masu kayan waya sai ka sa iyafis ɗin a kunne, ka kira ni na ji muryarka. Ka ce Umma ta cika tsoro. Ban musa ba, ina da tsoro. Amma tunda tafiya za ka yi, zauna ka ji wannan misalin, ba dogo ba ne.

An yi wani direban babbar mota, ɗan fari ne a wurin uwarsa. Ka san alkunyar iyayenmu na da a kan ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, in ya gaishe ta sai ta amsa tana duban wani wuri. Bayan wannan kuma akwai wani abu a tsakaninsu. Ranar da ya bar gonar ubansa ya bi mota, ta gaya masa magana mai zafi, shi ma ya mayar mata da abin da bai kamata ba, ya fice. Shekaru suka yi ta wucewa, yana aiko mata da hatsi da sutura, tana sa masa albarka a bayan idonsa, amma waccan maganar ba wanda ya ƙara taɓa ta. Tana nan a zuciyar kowa kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Wata rana ya sauya waya. Sabuwar ba ta da ramin sa iyafis, sai ramin caji kaɗai. A wata rumfa ta bakin tasha aka nuna masa ɗan guntun abin haɗin nan da ake ce wa adafta. Akwai wanda yake kawo maka sauti, ya kuma ɗauki maganarka ya kai wa mai kira. Akwai wanda sai dai ya kawo maka kawai. A ido duk kamarsu ɗaya. Ya jona wanda hannunsa ya kai kansa, ya kunna waƙa, kiɗa ya cika masa kai har yana jin ganga a ƙirjinsa. Mai rumfar ya ce ya kira wani ya gwada mana. Direban ya ce an gama lodi ana jiransa, kuma abin da ya fitar da kalangu tangaram haka ai magana ba za ta gagare shi ba. Da ya hau hanya, wasu suka kira shi suna ta halo-halo suka kashe. Ya ce sabis ɗin daji ne.

Yana cikin wannan tafiyar ciwon uwarsa ya tashi. Da ta ji jikinta ba irin na kullum ba ne, sai ta ce wa ƙanwarsa mai jinyarta ta kira mata "yaron nan". Yarinyar ta kira, ta kara mata wayar a kunne. Shi kuwa yana gangara wani tudu, mota cike da buhunan masara, hannu biyu a kan sitiyari, waya a aljihun gaba, iyafis a kunne. Ya miƙa hannu ya amsa kiran. Sai ya ji muryarta a tsakiyar kansa, har numfashinta yana ji. Ta kira sunansa, abin da bai taɓa jin ta yi ba tun da ya yi wayo. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mata abin da bakinta ya faɗa. Hawaye suka rufe masa ido har ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ce, "Inna, ni ne mai laifi. Na yafe, ki yafe mini." Ya faɗa, ya maimaita, ya yi ta magana irin wadda bai taɓa yi da ita ba. Ya ji ta yi shiru tana numfashi, ya ɗauka saurare take yi. Can ta ce to, Allah ya yi masa albarka, aka kashe. Bai sake kira ba, don a ganinsa an gama komai. Ya tashi motarsa zuciyarsa wasai.

Bai riske ta ba, kafin ya iso ta rasu, har an kai ta makwancinta. A zaman makoki ƙanwar ta ja shi gefe ta ce, "Yaya, don Allah me ya sa ka yi mata shiru?" Ashe tsohuwar ba ta ji komai ba. Ta jira, ta jira. Kuma mace ce da ta saba shiru tsakaninta da ɗanta, ba ta iya buɗe baki ta ce masa "ba na jin ka" ba. Ta ɗauka shirun shi ne amsarsa. Ta miƙa wa 'yarta wayar ta ce, "Bai huce ba, ku ƙyale shi," ta juya fuskarta ga bango.

Nan a zauren, gaban masu ta'aziyya, ya sa iyafis ɗin ya kira wani ɗan'uwansa da ke tsaye a ƙofar gida. Yana magana, ɗan'uwan yana hango bakinsa na motsi, yana girgiza masa kai, alamar ba ya jin komai.

Ɗan abin haɗin nan bai kai ɗan yatsa tsawo ba, kuma ba lalacewa ya yi ba. Aiki ɗaya ya iya, a kansa kuma aka duba shi. Ɗayan aikin ba a neme shi ba sai a ranar da ba ta dawowa. Gaskiyar mutanen da ne: sai an gwada akan san na ƙwarai.