Akwai Iri a Ƙasa

Duk wanda ya zo neman tarihin ƙungiyarmu ta ƙwallon mata, kofuna yake so in lissafa masa. Na gaji da wannan. Ni abin da nake tunawa wata la'asar ce a garinmu Tsibiri, lokacin mulkin soja, shekarar da ruwa ya ƙi zuwa.

Maza sun kore mu daga filin lakwal, wato makarantarmu, sai na ja ƙawayena zuwa gonar Baba. Fili ne fetal, ko ciyawa babu. Muka tuɓe takalma muka yi raga da su, muka shiga buga ƙwallon tsumma.

Muna cikin haka Baba ya dawo daga Maradi, inda ya yini a layin rabon dawa. Buhunsa na naɗe a hammata, yadda ya tafi da shi. Na tsaya cik ina jiran duka, don na san ya yi binne a gonar nan. Geronmu na ƙarshe ya zuba a busasshiyar ƙasa, yana jiran ruwa.

Ya zauna kan kututture, ya daɗe yana kallonmu. Sannan ya ce mini, "Ku ci gaba, uwata. Amma ku taka a hankali, akwai iri a ƙasa."

Irin nan bai tsiro ba. Yau 'yan matan da nake horarwa ko sunan Baba ba su sani ba. In zan shiga fili, a hankali nake takawa, su kuwa sun ɗauka tsufa ne.