Abin da Ba Ya Gāduwa

Jan layi ya sake fitowa a fuskar kwamfutarta. Kwamfaila, manhajar da ke tace rubutun masu haɗa manhaja, ta ƙi aikin: abin da za a gada ba zai iya zama mai ɗaukar kowace siffa ba, sai a goge kalma ɗaya, ko gado ko siffa.

Zafin azahar na Gwadangaji ya kashe mata jiki, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Jan layin ya narke ya zama ruwan kogin Matan Fada, ga marigayi babanta tafe bisa goran su, homar kamun kifi a kafaɗa.

"Baba, kai ka ce in zama duk abin da nika so. Kai kuma ka ce ni ka gadon hwadamarka ta Argungu. Injin ya ce ba su haɗuwa."

"To goge guda, ɗiyata."

"Wacce?"

Ya yi murmushi, ruwa ya wuce da shi.

Ta farka, takardar kiran aiki daga Abuja na gefenta. Ta goge kalmar gado, ta sake gwadawa.

Kwamfailar ba ta ce uffan ba. Haka babanta yake shiru in ya yarda, haka kuma yake in an ɓata masa rai.