Takunkumin da Maijidda Ta Sauke

Tun da annobar korona ta sa hukuma ta hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi, Maijidda ba ta sake ganin mahaifiyarta ba sai ta waya. Inna Rahmatu na kwance a ɗaya daga cikin gidajen, can unguwar Rusaifa a Makka, ɓarin jikinta ya shanye, ga mantuwa ta fara kama ta. Ƙanwar Maijidda kuwa, Samah, ma'aikaciyar jinya ce a gidan, kullum tana gefen tsohuwar.

Abin da ya tsaya wa Maijidda a rai ke nan. Ita ce 'yar fari. A Makka aka haife ta, amma Inna da alkunyarta ta Katsina ta zo, ba ta baro ta a gida ba. Tun da Maijidda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai dai "ke" ko "waccan". Samah kuwa auta, ko atishawa ta yi sai an kira sunanta. Maijidda ta san al'ada ce, amma sanin bai hana ta jin ciwo ba. Ga ta da 'ya'ya uku a unguwar Hindawiyya, kishin ƙanwarta kuma yana nan ɗanye.

Rannan Samah ta kira ta, ta ce, "Yaya, an buɗe ziyara, amma da sharaɗi. Kammama, wato takunkumin fuska, dole ce, ba a sauke ta. Ba taɓawa, ba sumba. Mai zazzaɓi ko tari kuma mamnu'i ne, an hana shi shiga." Ta ɗan saurara. "Kamar tari nake ji kina yi?"

"Sanyin mukayyif ne," in ji Maijidda, tana hararar na'urar sanyaya ɗakin da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

"Da kin bari sai kin warware, Yaya."

"To, mudira, shugabar gida. Ke kaɗai ta haifa? Kin kwashe watanni kina kallon ta, ni rana ɗaya ce ta tsone miki ido?"

Samah ta ƙyale ta, don ba ta saba ja da yayarta ba.

Da safe jikin Maijidda ya ɗau zafi. Ta haɗiyi maganin zazzaɓi, ta jira ya sauka, ta ɗaura takunkumi ta hau tasi. A bakin ƙofa aka auna zafin goshinta, aka ce ta wuce.

An ja layi a ƙasan ɗakin Inna, an ajiye mata kujera a bayansa. Ba ta daɗe da zama ba aka kira Samah wurin wata tsohuwa a ɗakin gaba.

Inna ta dubi mai takunkumin da ke kan kujera, ta ce, "Samah, ba ni ruwa."

Maijidda ta ji kamar an mare ta. Duk wannan kewa, kuma a kira ta da sunan auta? Ta miƙe, ta janye takunkumin zuwa haɓa, ta tsallake layin. Ta sumbaci kan Inna da hannunta yadda ake gaida manya a Makka, ta manna kumatunta a nata.

"Dube ni da kyau, Inna. Wace ce?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta. Mantuwa ta riga ta tafi da alkunyar. Ta shafa fuskar 'yarta da hannun da ke motsi, ta ce, "Maijidda."

Maijidda ta fashe da kuka. Cikin kukan tari ya taso mata, ta danne, ya ƙi dannuwa. Kafin Samah ta dawo ta mayar da takunkumin ta koma kujerarta, ranta fari tas. Har a cikin tasi murmushi take, yau ta samu abin da auta ba za ta iya ƙwace mata ba.

Ba a rufa mako ba gwaji ya nuna Maijidda na da korona, aka killace ta a gida. Numfashin Inna ya fara sarƙewa, haka ma na wata tsohuwa da suke ɗaki ɗaya. Aka kwashe su zuwa asibiti, aka sake rufe ziyara ga kowa.

Maijidda ta warke, Inna ba ta tashi ba. Saboda dokar annoba, ma'aikata ne suka shirya gawar, 'yar fari ko likkafanin ba ta gani ba.

Bayan an yi jana'iza ta kira ƙanwarta, ta faɗa mata duk abin da ta yi. Ta ce, "Sunanki na ji ta kira ni da shi, zuciya ta ɗebe ni."

Samah ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Yaya, duk mai kammama Samah ce a wurin Inna. Mai shara ma haka take kiran ta, har likita. Ni ba ta gane ni ba tun bara. Mutum ɗaya take tambaya kullum in na kawo mata abinci, sai ta ce, 'Waccan fa, ta ci?'"

Wayar ta suɓuce daga hannun Maijidda.

Jama'a, dokar takunkumi a wurin tsofaffi ba don a raba ku da iyayenku aka yi ta ba, don su rayu ku sake ganin su ne. In jikinka babu daɗi ka zauna a gida, in ka shiga ka bar takunkuminka a fuskarka. Kada kishi ya sa ka kai wa wanda kake so cutar da ba zai iya ɗauka ba.