Abin da Na Naɗe a Darduma

"Mama, me ya sa dardumar Baba take da nauyi?"

Ina ɗaure jaririna a kujerar motar mijina a bakin kasuwar Catford, nan ƙasar Turawa, ban ko waiwaya ba. "Ajiye, 'yar nan, ba a wasa da abin salla."

Tun da wasu fasinjoji suka fasa wa mijina kai a minicab ɗinsa, motar hayar da yake ja, hankalina bai kwanta ba. Ni na shiga shago na zaɓi bindiga mafi araha, ta iska, irin ta harbin tattabaru. "Ta tsoratarwa ce kawai, maigida," na ce. Na naɗe ta a darduma na kwantar a ƙasan kujerar baya, don na san ɗan sanda Bature ba zai warware abin sallar mutum ba.

Na manta ni na koya wa 'yata ɗauko wa ubanta darduma in azahar ta yi.

Da na juyo, ta riga ta warware. Yatsanta na kan kunamar harbi, bakin bindigar na kallon idon ƙaninta. Na zare bindigar daga hannunta a hankali.

Ke uwa mai karatu, duk maɓoyar da ta gagari baƙo, ba ta gagari ɗanki ba.