Zare Biyu a Kan Ruɓaɓɓiyar Igiya

Ka ce mini manhajar da kuke ginawa a buɗe take, kowa daga ko'ina yana iya aiko da gyaransa, kuma hankalinka kwance tunda ba a shigar da gyaran kowa sai mutum biyu sun sa hannu. To, gyara zama ka ji wani misali.

A wani gari an yi wata rijiya mai zurfin gaske, irin wadda in ka leƙa ba ka ganin komai sai duhu. Igiyarta ta kowa ce. Duk wanda ya tufka ramarsa yana iya kawowa a ƙara, kuma wanda tasa ta shiga, shanunsa ne kan gaba wajen sha. Mutum biyu ke duba duk abin da aka kawo, mai yasar rijiyar da abokinsa maƙeri. Wannan ya kama nan, wancan ya kama can, su ja har jijiyoyin wuyansu su tashi. In ta riƙe, mai yasa ya ɗaura mata jan zare, maƙeri ya ɗaura baƙi. In ta saki, a mayar wa mai ita, ko ɗan wane ne. Ana nan sai akuyar maƙeri ta shiga gonar mai yasa ta yi wa wakensa aski. Magana ta yi tsami, gaisuwa ma ta ɗauke. Amma babu wanda ya yarda ya ajiye aikin igiya, kada a ce shi ne ya gudu. Sai kowannensu ya koma ɗaura zarensa a ƙofar gidansa, manya da su, gemu har ƙirji.

Akwai wani mutum da aka sha mayar wa da igiyarsa, yana gefe yana kallo. Ya ɗauko tsohuwar ramar da damina ta daka a kan danga, ya tufka, ya shafe ta da mai har tana ƙyalli. Ya kai wa maƙeri, ya ce mai yasa ya gani ya gamsu, zarensa ne kawai ya ƙare. Maƙeri kuwa da ya taka ya tambayi wancan, gara ya haɗiye garwashi, sai ya ɗaura baƙin zare. Da igiya ta zo gaban mai yasa ya ga baƙin zare, ya ce a ransa, maƙeri dai ba shi da kirki, amma ba ya wasa da aiki. Ya ɗaura ja, ko tashi daga tabarma bai yi ba. Aka ƙara ta a igiyar rijiya.

Rani ya tsananta, guga ya fara dawowa da laka, lokacin yasa ya yi. Aka ɗaure igiya a gungumen bakin rijiya, mai yasa ya yi bismillah ya kama sauka, hannu bayan hannu. Ya yi nisa, bakin rijiya ya koma kamar faifai a samansa, sai ya ji wani abu kamar dusa yana zubo masa a fuska. Ya ɗaga kai. Igiyar da ya wuce yanzun nan ce take marmashewa, ga baƙin zare a jikinta, ga kuma jan da ya ɗaura da hannunsa. Nan take ya gane ta, ya tuna tabarmar da bai tashi daga kanta ba. Sai ya ji ɗas, sili ɗaya ya tsinke. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Gumi ya jiƙe masa tafin hannu, ko numfashi mai ƙarfi ya kasa yi don kada igiyar ta motsa. In ya hau, sai ya ja ta. In ya sauka, da sauran tafiya, kuma bai san me ke jiransa a ƙasa ba, laka ko dutse. Ya lallaɓa ƙafa ya taɓa bango, santsi ne kawai. Ya tuna 'ya'yansa, ya fara kalmar shahada, sai ya sake jin ɗas. Da ya buɗe baki ya yi ihu, sunan da ya fito shi ne na maƙerin da ya daina gaisarwa. Maƙeri ya zo a guje da wata igiyar, ya leƙa bai ga komai ba sai duhu. Kafin ya gama warware igiyar da ya kawo, silin ƙarshe ya rabu.

Allah ya yi da sauran kwana, a laka ya faɗa. An fito da shi da rai, amma ƙugu ya karye, bai sake shiga rijiya ba. Ranar da maƙeri ya je dubiya, ya zauna a gefen shimfiɗarsa. Can mai yasa ya ce, "Na ɗauka ka ja ta." Maƙeri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma haka na ɗauka."

Saboda haka koma wurin mutanenka biyun nan. Kada sa hannunsu ya ruɗe ka. Tambaye su ko sun gwada gyaran da kansu, ka kuma bincika ko har yanzu suna magana da juna, domin akwai wanda zai rataya a kan abin da suka wuce da shi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.